Ɗigon Inna Tasallah

Tun da doka ta ce kowace manhajar kyauta sai ta rataya a wuyan mutum mai rai, Inna Tasallah ta ɗauki wadda ke zana haruffa a baƙin allon kwamfuta. Da hannunta ta shirya ta, ta shigar da ita tsarin da famfunan Gusau ke aiki da shi. Ɗigon da ke ƙyaftawa a kowane allo bugun zuciyarta yake bi, ranar da ya tsaya kuwa allunan sun mutu, famfunan ma haka.

Da hantsi ta je famfo. Barau mai sayar da ruwa ya duƙa ya gaishe ta, ya nuna allon da ke jikin famfon.

"Inna, tudu kika hawo? Tun ɗazu ɗigon nan ke sauri."

"Jikata na goya, sarkin sa ido! Ka ga harafi ya karkace?"

"Ko ɗaya, Inna."

Sai ɗigon ya ɗauke. Masu ɗiban ruwa suka ƙura wa allon ido har ɗigon ya dawo.

Inna ta gyara mayafinta, ta tura jarkarta gaba.

"Atishawa na danne. Ku ɗebi ruwanku, ina nan."