Gaisuwar Suruki a Hasumiyar Jirage

Ka ce ladabi ba ya kunyata mai shi. Ban musa maka ba, amma ji wannan. An yi wani mai ba jiragen sama hanya, irin waɗanda ke zama a ƙolin hasumiyar filin jirgi da abin magana a kunne, suna cewa wannan ya sauka, wancan ya dakata. Shekara goma sha huɗu yana aikin, ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Sai dai mutumin akwai kunya, har ta yi masa yawa. Ko sunan surukinsa bai taɓa kamawa ba, in ya hango shi a hanya tun daga nesa yake tuɓe takalmi. Ran nan da hantsi surukin ya zo tarbar matarsa da ke cikin jirgin alhazai, sai shugaban ma'aikata ya ga ya kamata a karrama dattijo, ya hau da shi hasumiya ya ga inda mijin 'yarsa ke aiki. A lokacin kuwa mutumin ya riga ya ba jirgin alhazan izinin gangarowa, ya kuma sallami wani jirgin kaya ya tashi ta fuskar da wancan ke tahowa. Abin da ya rage kawai ya ce wa na kayan ya karkata dama. Yana buɗe baki sai ya ji sallamar dattijo a bayansa. To, yaya za a yi ya ba suruki ƙeya yana ta zuba umarni da babbar murya? Ya cire abin kunnen, ya durƙusa har ƙasa. Ka kuwa san gaisuwar surukai ba ta da gajeriya: ina kwana, ina gajiya, yaya mutan gida, yaya aka ji da hanya.

Ana cikin tambayar ciwon ƙafa ƙararrawa ta ɗauki kuka. Ya miƙe zumbur, ya hango jiragen ta gilashi: ɗaya ya cusa hanci sama, ɗaya ya kwanta gefe, ratar da ke tsakaninsu ba ta fi jifan dutse ba. Na'urar gargaɗin da ke cikin jiragen ce ta ankarar da matuƙan, ga kuma sauran shan ruwa, in ba haka ba da mutum ɗari huɗu sun tafi a idonsa. Da jirgin ya sauka, wasu alhazan a nan kan kwalta suka faɗi sujada, surukarsa kuwa sai da mata biyu suka riƙo ta. Nan take aka tashe shi daga kujera, aka ce za a yi bincike. Wannan duk bai dame shi ba kamar saukowa daga benen nan a bayan dattijon, taku ɗaya ɗaya. Da faɗa tsohon ya yi, da ya fi masa sauƙi. Sai da suka iso ƙasa dattijon ya tsaya, bai ko waiwayo ba, ya ce, "Ɗana, da ka bar ni a tsaye, da ka fi girmama ni." Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya guji ƙaramar kunya ta minti ɗaya, ya ɗauko wadda zai mutu da ita, kuma a gaban wanda yake jin nauyin. Shi ne Hausawa ke cewa, garin neman gira aka rasa ido.