Mutumin da Inna Hawa ke Lallashi

Inna Hawa, mai goro a Zongo, ba gaisuwa ta zo koya wurin Malam Tanimu ba. Shi ke koya wa fatake Ingilishi a rumfarsa tun shekarar da aka koro baƙi daga Gana. Ta ce akwai wani mutum da ba ya jin komai sai Ingilishi, kuma in ba ta shawo kansa ba, gidanta ya rushe.

Tanimu bai tambaya ba. Ya san 'yan duwan, ma'aikatan kwastan na kan iyaka, ya san yadda goro ke ruɓewa a hannunsu.

Ba ta karatu. Da ka take kawo maganar mutumin, ta maimaita ta baki a karkace, harshe da nauyi. Tanimu ya daidaita, ya fassara.

"I have no choice. Wai ba shi da zaɓi, Inna. Haka suke faɗa in za su cuce ki cikin ladabi."

Ya koya mata amsa: dole ka ƙoƙarta, kada ka bar ni haka. Ta haddace, hannunta na warin man zafi, ta tashi kafin azahar, wai kunu zai huce.

Kowane mako maganar mutumin sai daɗa gajarta take. Babu yadda za a yi. A bar shi haka. Tanimu ya ce alama ce mai kyau, ma'aikaci in ya gaji da gardama ya kusa sakin kaya.

Ranar Talata ta kawo kalma uku.

"I give up! Albishirinki, Inna. Ya sallama, ya daina ja."

"Wannan tana da amsa, Malam?"

"Ba ta bukata. Kin gama."

Ta daɗe tana kallonsa, ta yi godiya. Ba ta sake zuwa ba.

Bayan Juma'a Tanimu ya nufi gidanta don ya yi mata barka. Ya tarar da tabarmi a ƙofa, maza zaune shiru. Ya tambayi wani maƙwabci wa aka rasa.

"Mijinta, Issa, tsohon akawun Kumasi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye Hausa ta ɓace masa, Ingilishi kaɗai ya rage a bakinsa, kuma tun Talata bai sake buɗe shi ya karɓi kunu ba."