Ƙofar Dillalin Saƙo

Wannan ko rantsuwa na yi maka ba za ka yarda ba, amma zauna ka ji, ni ba na kawo labarin banza. An yi wani ma'aikacin kwamfuta a wani kamfanin kai kaya, aikinsa kula da na'urar da suke kira dillalin saƙo. Ita ke karɓar odar masu saye, ta jera su a layi, ta miƙa wa ɗakin ajiya. Tana can kulle a wani ɗaki mai sanyi a wani gari, shi kuwa daga kujerarsa yake shiga cikinta. Ran nan ya ƙwanƙwasa, shiru. Adireshi daidai, kalmar sirri daidai, ashe katangar tsaron da ke hana baƙi shiga na'urar ce ta tare shi. Maimakon ya buɗe 'yar ƙofa daidai shi kaɗai, gogan naka sai ya wangale ta ga duniya, ya cire kalmar sirrin, wai na ɗan lokaci. Da ya ji daɗin shiga sai ya bar ta haka, har ya mai da ita abin tsokana. Daga gida zai tsai da layi ya sake shi, abokin aikinsa da bai san dawan garin ba ya yi ta tofa addu'a a kan allon kwamfuta, shi kuwa yana ta ba da labari a teburin mai shayi.

Wata rana da tsakar rana yana ɓarar gyaɗa, hannunsa bai taɓa kwamfuta ba, sai ya ga layin yana zubewa da kansa, oda bayan oda. Ya duba jerin masu kula da ke cikin na'urar: su biyu ne, kuma dukansu sunansa. Ya kori ɗayan, ya dawo. Ya sake kora, ya dawo. Ya jefa saƙo a layi, "Wane ne?" Amsa ta fito, "Mai gidan." Allo ya ɗauke. Ya ƙwanƙwasa, shiru irin na ranar farko, sai dai yanzu daga ciki aka kulle. Odar mutane ta salwanta, wayoyi suka hau ruri. Da shugaban kamfani ya nemi sanin wanda ya taɓa katanga, ba a wahala ba, duk wanda ya taɓa shan shayi a teburin nan ya sani. Aka karɓe katin aikinsa a bakin ƙofa, gyaɗar tana hannunsa. Wanda ya shiga kuwa, har yau ba a san ko wane ne ba. Dama Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.