Wurin da Babu Kowa

Janareton ya riga ya wuce tsayin katanga lokacin da direban ƙugiya ya ji kujerarsa ta ɗan karkata.

Ba sabon hannu ba ne. A kan motar ɗaga kaya ya yi furfura. Da safen nan da kansa ya kafa ƙafafunta na ƙarfe, ya shimfiɗa wa kowacce katako mai kauri, ya zagaya yana bubbuga ƙasa da diddige. Abin da ba wanda ya ga ya dace ya gaya masa shi ne, a gefen dama an taɓa haƙa rami an binne bututu, aka mayar da ƙasar ba a daɓe ta ba. Ruwan sama ya ƙarasa ɓarnar.

Aikin ranar irin wanda direbobi ba sa so ne: a ɗaga kaya, a tsallake katanga da shi, a ajiye inda ido ba ya kaiwa. A irin wannan aiki direba makaho ne. Idonsa shi ne mai ba shi umarni ta oba-oba, rediyon hannu, kuma ƙa'idar ba ta da sassauci: murya ɗaya ake bi, ba musu, ba jinkiri.

Mai muryar ƙanensa ne, autan ɗakinsu. Direban ne ya goya shi yana jariri, shi ya koya masa ɗaurin igiya, yau kuma shi ke karɓar umarninsa. Kullum sai ya tuna masa cewa a gida dai shi ne babba.

"A gida ka ce, Yaya," in ji Auta. "A nan ko tari za ka yi, sai na ba ka izini."

Auta bai san wasa da aiki ba. Tun da sassafe ya zagaye motar da jan kirtani, ya kori leburori daga lungun da ke hagu bayan katanga, ya ɗaure ƙofarsa da sarƙa da kwaɗo. Ya yi ƙorafin cewa ragar da aka rataya a jikin ginin da ake yi ta tare masa gani daga rufin, inda ya saba tsayawa, wai yanzu daga ƙasa kaɗai ake ganin kaya sosai. Ya kuma nemi a sauko da magina daga dandamalinsu na gefen dama har a gama. Shugaban aiki ya ce siminti ba ya jiran kowa, kuma ai kayan ba ta kansu zai bi ba. Maganar nan ta ƙarshe gaskiya ce, muddin motar tana tsaye daidai.

Yanzu ba ta tsaye daidai.

Ƙararrawar gargaɗi ta ɗauka. Direban ya leƙa madubi ya ga katakon dama yana nutsewa a hankali, kamar ana jan sa daga ƙasa. Dogon hannun ƙugiyar ya fara rinjaya, janareton yana lilo, inuwarsa tana matsawa kan dandamalin. Maginan sun ɗaga kai. Tsani ɗaya gare su, kuma suna da yawa.

Ƙofar motar a buɗe take. Tsalle ɗaya zai fitar da shi. Ya dube ta, sannan ya ƙara damƙe sandar juyi.

"Yaya, na gani." Muryar ta fito a natse, tana ɗan amsa kuwwa. "Kada ka tsaya. Juya hagu."

Ya juya. Ƙarfe ya yi ƙara.

"Ƙara. A hankali, tsoho, ba amalanke kake tuƙawa ba. Ƙara kaɗan. Yauwa. Yanzu sauke."

"Ba na ganin komai a nan. Mene ne a ƙasa?"

"Lungu ne."

"Ka tabbata babu kowa?"



"Babu kowa. Ni na kulle shi. Sauke duka, Yaya, kada ka ɗaga hannu."

Bai taɓa jin ƙanen nan ya ce abu yana nan alhali ba ya nan ba. Ya saki. Janareton ya ɓace bayan katanga, ƙasa ta girgiza, igiya ta yi sako-sako. Motar ta yi ajiyar zuciya irin ta ƙarfe, ta koma ta zauna.

Ya sauko daga motar. Maginan suka yo kansa, hannuwansu duk siminti. Wani dattijo cikinsu ya rungume shi yana kuka, yana ambaton 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Shugaban aiki ya tsaya daga nesa, hularsa a hannu, ya kasa haɗa ido da kowa.

Direban ya zame daga cikinsu. Yabon ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma akwai faɗan da yake son yi. Ya taka zuwa ƙofar lungun don ya ga ɓarnar da aka yi wa kayan mutane. Janareton ya cika wurin daga bango zuwa bango. Sarƙar tana nan yadda aka ɗaure ta, sai dai kwaɗon ta ciki yake.

Ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya danna oba-oba.

"Auta, sauko haka nan. Yau sai na ja kunnenka a gaban Inna."

Sai ya ji muryar kansa, kalma bayan kalma, tana fitowa ta oba-obar Auta daga ƙarƙashin janareton.