Mai Lambu da Ƙwan Ƙoƙi-ƙoƙi

Ka ga, ba kowace kulawa ce take zama alheri ba. An yi wani mai lambu a bakin fadama, ɗan fegin tumatir gare shi, shi ne cinsa, shi ne suturar iyalinsa har damina ta faɗi. Fargabarsa ɗaya, tsutsa da fara. To, sai Allah ya ba shi masu gadi kyauta, wato ƙoƙi-ƙoƙi. Yakan tsuguna ya yi ta kallon ɗaya ya lafe a kan reshe, ya naɗe hannuwa kamar mai addu'a, ko motsi babu, sai fara ta gifta, caraf, ta zama kalaci. Yau da gobe har ya gane cewa macen takan fitar da wata kumfa ta manna ta a ƙayar shinge, kumfar ta bushe ta yi tauri, ƙwanta kuwa na nan ciki. Mutumin nan ya so ƙwarin nan har cikin ransa.

Sai dai shi asalinsa mai kiwon zabi ne, kuma shirwa ta sha gasa masa aya a hannu. Abin da ya sani a duniya shi ne, ƙaramin abu kifewa ake yi da kwando har ya yi ƙwari. Saboda haka ya bi shingen nan kaf, ya kakkaryo duk ƙayar da ke da kumfa, ya zuba a tsohon tulu, ya rufe da faifai, ya ajiye a inuwa. Ran nan ya leƙa, sai ga 'ya'ya sun ƙyanƙyashe birjik, ƙanana kamar kiyashi, kowanne da 'yan hannuwansa a naɗe. Daɗi ya kama shi. Ya ce a ransa, in na sake su yanzu ai ƙadangaru sun samu buki. Bari su yi ƙiba tukuna. Ya tsinko ganyen tumatir mai laushi, ya barbaɗa musu dusa, ya yayyafa ruwa, ya mayar da faifai. Bawan Allah! Shi da ya sha ganin abin da iyayensu ke ci, wai dusa.

Shi dai ƙoƙi-ƙoƙi ba ya cin ganye, abin da ke motsi yake ci, kuma a cikin tulun nan ba abin da ke motsi sai ɗan'uwansa. A waje kuwa tumatir ya fara ƙosawa, iyayen ƙoƙi-ƙoƙin kwanansu ya ƙare, tsutsa ta zo ta tarar da shinge ba mai gadi, ta shiga ta yi kaka-gida. Da mai lambu ya ga 'ya'yan tumatir suna hujewa suna zuba, sai ya ruga ya ɗauko tulu don ya saki rundunarsa. Ya ɗaga faifai. Dusa na nan yadda ya zuba ta, ganye ya yanƙwane, ƙasan tulu duk guntayen ƙafafu. A kan ƙaya kuwa ga ƙoƙi-ƙoƙi guda ɗaya tal, ya yi ɓulɓul, yana goge baki, ya juyo da kai yana kallonsa.

Mutumin ya daɗe a tsugune, hawaye ya cika masa ido. Ya ɗora ɗayan nan a kan reshe, ya dubi lambun da ya fi ƙarfin mai gadi guda, ya ce, "Ni na kashe su da hannuna."

Shi ya sa masu iya magana suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.