Ɓangaren Hagu

Tsoro ya fara kama ni ne a shagon kawuna, inda nake zama tun da na gama jami'a, muna sayar da ƙananan na'urorin jin kiɗa masu tsada. Injiniya, wanda ake shirin sa mana rana, ya shigo ya ajiye tasa a kan kanta. Haɗa sauti yake yi a situdiyo.

"Ɓangaren hagu ya mutu," ya ce. "Kayanku ke nan, 'yar kanti, sai kyan kwali."

Na sa abin kunnen na kunna. Jita na tashi tar ta hagu, har numfashin mawaƙiyar ina ji. Na ɗauki na daman na sa masa a kunnen hagu. Ina kallo murmushinsa ya gushe, bai ji komai ba.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Na kwana biyu ina zagin na'urar."

Ya naɗe wayar a yatsa, bai dube ni ba. "Ki ce wa Kawu a dakata da maganar nan. Da kunne nake ci. Ba zan ɗauko ki in rasa abin ba ki ba."

"Kunnenka zan aura? Sai in riƙa zama ta damanka."

Ya kusa yin dariya. Ya sa kai ya fita.

Ban gaya wa Kawu komai ba. Kullum ni kaɗai nake wuni a shagon, ko kiɗa ba na kunnawa. Ƙanwar Injiniya ta ce an yi masa hoton kai a asibiti. Sakamakon bai fito ba, shi kuma har yanzu bai kira ni ba.