Igiyar Mushe Yakubu

Balkisa ta ɗaure bakin igiyar a ginshiƙin rumfa, ta naɗe ɗaya bakin a hannu, ta ja da iya ƙarfinta. Ginshiƙin ya yi ƙara, igiya kuwa ko gezau.

"Za ta riƙe nauyin namiji?" ta tambaya.

Dodo baduku, mai zuwa kasuwar Filinge daga Bonkuku kowace Lahadi, ya ɗago kai ya dube ta. Ya tsufa yana sayar da igiyar fata, ana tambayarsa ko za ta riƙe raƙumi ko bijimi. Namiji kam, yau ya fara ji.

"Madam, mi za ki yi da ita?"

"Kyauta za ni yi, baba."

Ba ƙarya ta yi ba. Malaman lakwal ɗinsu, makarantar da take koyarwa, su ne suka wakilta ta, ta zaɓo kyautar sallama ga abokin aikinsu Malam Yakubu, da suke kira Mushe Yakubu, wanda ya ce ya sami aiki a Beljik can Turai, jirginsa zai tashi daga Yamai mako mai zuwa. Direkta, shugaban makarantar, ya ce agogo. Mata suka ce shadda. Da gardama ta yi tsawo aka bar wa Balkisa, don ajinta ke jikin nasa, kuma tana ɗaukarsa kamar ƙane.

Da farko ta fi kowa murna. Amma tun ranar Alhamis da ta shiga shagon Sani tela karɓar ɗinkinta, ta fito hannu rabbana, fuska a murtuke, ba ta sake yi wa Yakubu dariya ba. Sai kallo, irin wanda ke sa mutum ya duba rigarsa. Masu baki suka ce hassada ce: ta riga shi fara aiki, ga marayu biyu tun da mijinta ya rasu a wajen tafiya, ga yaro ƙarami zai haye jirgi ya bar ta da alli.

Ita ba ta kula su ba. Tsoro ne ke cinta, don ta san ran Yakubu yana rataye da abin da za ta sa a ledar kyautar nan. Ta wuce masu agogo, ta wuce masu shadda, ta sayi dogon rawani baƙi, ta naɗe igiyar a ciki.

Ranar sallama aka shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro, aka dafa shayi. Yakubu ya buɗe leda a gaban kowa. Ya warware rawanin, igiya ta faɗo, sai dariya ta ɓarke.

"Balkisa, kin kashe mu da kunya!" in ji Direkta. "Awaki za ya kiwo can Beljik?"

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Yakubu ya riƙe igiyar, zufa na tsattsafo masa a goshi. Balkisa ta matso kamar za ta zuba masa shayi, ta yi ƙasa da murya.

"Ƙanena, in kunka wuce Agadas, mota ta shiga rairayi, ka ɗaure ƙugunka ga ƙarhe kahin kwana ya ɗauke ka. Direba ba ya tsayawa don wanda ya hwaɗi."

"Yaya, wa ya gaya miki?"

Ba wanda ya gaya mata. A shagon tela ta ga jarkar ruwa an ɗinke ta cikin buhu don kada rana ta dafa ruwan, an rubuta sunan Yakubu a jiki da jan fenti. Mai hawa jirgi ba ya ɗinka wa jarka riga. Irinta sak abokan tafiya suka dawo mata da ita shekarun baya, da sunan mijinta a jiki, ko rabin ruwan bai sha ba.